Yadda Ake Sauya Fambel na Da Zuwa Bel Guda Mai Tsagi a Tsohon Injin Chevy 350

Wanda duk ya taɓa riƙe tsohuwar a-kori-kurar Chevrolet ko GMC, irin waɗanda aka ƙera daga 1973 zuwa 1987, ya san kukan fambel da sanyin safiya. Ka tayar da mota, ka murɗa sitiyari, sai ƙara ta tashi kamar an taka wutsiyar kare. Bel uku ne, wani lokaci huɗu, kowanne da nasa ɗaurin. Ka matse na altaneta, na sitiyari ya saki. Ka matse fiye da kima, boris ɗin famfon ruwa ya fara gurnani. A sababbin a-kori-kurar da GM ya fitar a 1988 an bar wannan tsari, aka koma bel ɗaya tilo, mai faɗi, mai tsagi shida a cikinsa, wanda yake bi ta kan kowane fuli yana lanƙwasa. Saboda lanƙwasar nan Turawa suka laƙaba masa sunan maciji. Ba a ɗaure shi da hannu, akwai tenshina mai sifirin da take riƙe da shi kullum.

Abin daɗin shi ne fuskar injin ba ta canza ba. Ramukan da ke gaban bulok ɗin 350 na 1978 su ne a na 1992, don haka kayan sabuwar suna hawa kan tsohuwar. A garejin da nake aiki a Texas na yi wannan sauyi har na daina ƙirgawa, kuma duk wanda ya lalace a hannuna ko a hannun wani, ba manyan kayan ne suka lalata shi ba. Kusa ɗaya ce, ko fanka, ko waya guda.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa sifana. A tsarin da, komai yana juyawa gefe ɗaya da karanshaf, wato yadda hannun agogo yake tafiya idan kana tsaye a gaban mota. A sabon tsari kuwa, bayan bel ɗin, wajen da ba tsagi, shi ne yake jan fulin famfon ruwa. Ke nan famfon yana juyawa da baya. Duk abin da yake kansa ma da baya zai juya: fanka da kulocinta. Rabin aikin nan a kan wannan magana ya tsaya.

Kayan da za ka samo

Ka nemi mota guda ɗaya da ta mutu, ƙirar 1988 zuwa 1995, mai injin lita 5.7 (shi ne 350 ɗin) ko 5.0, ka kwashe komai daga jikinta. Mai injin 4.3 ma tana yi, domin shi wannan injin 350 ne aka yanke masa silinda biyu, gabansu iri ɗaya ne. Kada ka ɗauko buraket daga wannan mota, fuli daga waccan. Kayan Camaro daban, na a-kori-kura daban, na 1996 zuwa sama kuma, wanda ake kira Vortec, shi ma daban. A ido kamar ɗaya suke, sai ka zo ɗaurawa ka ga ɗan bambancin da zai hana ka barci.

- Manyan buraket biyu, na gefen direba da na gefen fasinja, da ƙananan sandunan da suke tokare su ta baya
- Duk kusoshi da noti da washa da suka fito daga jikinsu
- Fulin karanshaf, fulin famfon ruwa mai santsi, da fulin da yake juyawa kawai ba ya jan komai
- Tenshina
- Altaneta ƙirar CS130 da filoginsa, ka yanko shi da waya mai ɗan tsawo
- Famfon sitiyari da fulinsa
- Fanka da kulocinta
- Gidan tamostat da tiyon lagireto na sama
- Kwamfuresar na'urar sanyi, in kana so

Abin da ban yarda a sa tsoho ba uku ne: famfon ruwa, tenshina, da bel. Tsohuwar tenshinar ka riƙe ta don gwaji, amma ka sayi sabuwa. Famfon kuwa ka faɗa wa mai shago shekarar motar da ka ciro kayan, ba shekarar taka ba.

Kayan aiki

Soket da sifana na inci da na milimita duka, domin GM na wancan zamani ya cakuɗa su: kusar da ta shiga bulok ta inci ce, wadda ta riƙe altaneta ta milimita. Sai makullin Torx, doguwar sandar soket don danne tenshina, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, abin cire fulin sitiyari da na mayar da shi, mita ta auna wuta, miƙaƙƙen ƙarfe ko rula mai tsawo, igiya marar talewa, gam ɗin fakin, abin kankare tsohon fakin, bokiti, da jek. Abin cire fulin nan ba sai ka saya ba. Manyan shagunan kayan gyara a nan suna ba da aronsa, ka ajiye kuɗi, ka dawo da shi su mayar maka.

1. Duba injinka kafin ka kashe ko sisi

Leƙa gaban tof silinda biyun, wato kawunan injin na hagu da dama, ka ƙirga ramukan kusa. Tof ɗin da aka yi kafin 1969 ba su da rami ko ɗaya a goshinsu. In irinsu ne a motarka, tsaya nan: ko ka canza tof, ko ka haƙura da wannan hanya. Kada wani ya ce maka zai huda maka da dirila, bayan ƙarfen nan ruwa ne yake gudana. Yawancin tof na shekarun 1970 kuma suna da rami uku a gefe guda, ɗaya kacal a ɗaya gefen. Wannan ba ya hana aiki, amma yana nufin sandar tokare ta baya ta zama dole a gefen mai rami ɗaya.

Sai famfon ruwa. Motocin ɗaukar kaya na 1973 zuwa sama suna da dogon famfo, kusan inci 7 daga bulok zuwa inda fuli yake zama, kuma sabon tsarin ma dogo ne, don haka ba matsala. Na 1972 zuwa ƙasa gajere ne, inci 5 da 5/8. In irin wannan ce taka, auna tazarar da ke tsakanin fanka da lagireto, domin komai zai matso gaba da inci ɗaya da ɗoriya.

2. Ciro kayan

A makabartar motoci irin wadda kai ne za ka shiga da kayan aikinka ka kwance, abu na farko da za ka yi shi ne hoto. Ta gaba, ta gefe, ta sama, da ta baya inda sandunan suke kama manifol. A jikin murfin fanka ko saman lagireto yawanci akwai takardar da aka zana hanyar bel, ita ma ka ɗauke ta a hoto. Bayan haka kowace kusa da ka cire, ka huda kwali ka soka ta daidai inda take a jikin injin. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma bayan kwana uku ba za ka tuna ba, ko da ka rantse za ka tuna.

Ka tafi da abin cire fuli, domin akwai kusoshin da suka ɓuya a bayan fulin sitiyari. Kafin ka biya, juya buraket ɗin a hasken rana ka duba tsagewa, musamman kusa da ramuka. Ka kuma juya kowane fuli da yatsa. Wanda ya yi ƙara kamar da yashi a ciki, boris ɗinsa ya gama.

3. Kwance tsohon tsari

Cire kan batir na baƙar waya. Bari inji ya huce, ka tsiyaye ruwan lagireto a bokiti, ka kawar da shi daga inda dabba za ta kai baki, domin yana da zaƙi kuma guba ne. Ka sassauta kusoshin fanka da na fulin karanshaf tun bel yana ɗaure, shi ne zai riƙe maka su. Daga nan fanka, murfinta, bel, altaneta, famfon sitiyari, buraket, famfon ruwa. In akwai gas a na'urar sanyi, ka kai a zuƙe shi tukuna, ba a sakinsa a iska.

Ni nakan cire lagireto gaba ɗaya. Minti goma ne, kuma ya fi ka huda shi da gindin sifana.

Abin da ba za ka taɓa ba shi ne babban ƙarfen da yake kan hancin karanshaf, wanda fuli yake ɗaure a jikinsa. Bar naka. Alamar taimin da ke kansa an yi ta ne don ta dace da harshen da ke jikin murfin injinka, kuma a sababbin injuna wurin alamar ya bambanta. Ka canza shi, ka rasa taimin ɗinka.

4. Famfon ruwa da fulin karanshaf

Kankare fuskar bulok har ta yi fes. Shafa gam kaɗan a fakin, kaɗan ɗin nan dai, ba kamar mai shafa man shanu a burodi ba. Kusoshin famfon huɗu ne, ka shafa musu gam a zare domin akwai masu shiga hanyar ruwa, ka ɗaure su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri a 30 lb-ft, wato kusan 41 Nm. Duba hotonka: in wata daga ciki mai kai biyu ce, wadda buraket yake hawa kanta, ka tabbata ta koma inda take.

Ka lura da bakin tiyon hita. Tsohon famfo yana da wurin da ruwan hita yake dawowa a samansa. A motocin 1988 zuwa 1995 ruwan lagireto yake komawa, don haka sabon famfon zai iya zuwa ba wannan ƙofa. Wasu suna zuwa da ita a toshe, sai ka cire toshiyar ka mayar da bakin tsohon. In babu ita sam, ka sa mahaɗa mai baki uku a tiyon lagireto na ƙasa, ko ka yi amfani da lagireto mai bakin hita.

Fulin karanshaf yana da kusa uku da babbar ta tsakiya. Goge tsatsar da ke fuskar kafin ka ɗora, domin ɓarɓashi kaɗan ya isa ya sa fulin rawa. Ta tsakiya ana ɗaure ta a wajen 60 lb-ft.

5. Buraket, da kusar da take cin mutane

Kada ka matse komai tukuna. Ɗora buraket biyun, ka sa duk kusoshin da hannu, ka ga ko sun zauna daram ba tare da an tilasta musu ba. Buraket ɗin da aka ja da kusa don ya kai inda bai kai ba, watan wata rana zai tsage.

Yanzu ka saurara. A gaban bulok, ƙasa ta gefen fasinja, akwai ramuka biyu. Na saman ya zarce har cikin hanyar sandar da take tura famfon mai. Makanikai ma sukan yi amfani da shi da gangan: su sa doguwar kusa ta riƙe sandar yayin da suke canza famfo. Motar da ka ciro kayanta ba ta da wannan damuwa, famfon manta na lantarki ne a cikin tanki. Taka kuwa mai kafireto tana da sandar. In ka sa doguwar kusa a ramin nan, za ka danne sandar. In ka bar shi a buɗe, baƙin mai zai riƙa tsiyaya. Wani yaro da muke koya wa aiki ya taɓa yi mana haka. Mota ta tashi lafiya, ta ci man da ke cikin kafireto, ta mutu. Muka yi awa biyu muna zargin wuta, har sai da na sa soket a kusar na warware ta zagaye biyu, na ji sandar ta saki da ɗan ƙas. Allah ya taimaka ba ta lanƙwashe ba. Gajeriyar kusa ce maganinsa, da gam a zare, kuma bayan ka ɗaure ka juya inji da hannu ka tabbata ba abin da ya cije.

Bututun mai da ya taso daga famfo zuwa kafireto sau da yawa yakan tare hanya. Lanƙwasa sabo ya bi ta bayan buraket. Kada ka yanke ka haɗa da tiyon roba kusa da inda bel yake gudu.

Sai sandunan baya. Su ne mutane suke raina wa, su ce ai buraket ya riƙe. Bel ɗin nan yana jan komai gaba da ƙarfi, kuma ba ya hutawa. In ramukan manifol ɗinka ba su dace da sandar ba, ko ka sa bututun salansa irin na 'yan tsere, ka yanki ɗan faffaɗan ƙarfe ka lanƙwasa ka huda, ko ka sa guntun faif ya cike tazarar. Ba sai ya yi kyau ba, ya dai tokare. Bayan komai ya zauna ne za ka bi ka matse, ka fara da na jikin tof da bulok.

6. Famfon sitiyari

Famfon Saginaw ne a duka biyun, kuma zuciyarsa ba ta canza sosai ba. Matsalar a bakin tiyo take. Kafin 1980 bakin na inci ne mai baɗaɗɗen kai, daga 1980 aka koma na milimita 16 mai zoben roba. In motarka ta kafin 1980 ce, tiyonka ba zai shiga sabon famfo ba. Dabarar mai sauƙi ce: babban notin da tiyo yake shiga a bayan famfo yana warwaruwa da soket na inci 1. Cire na tsohon famfonka ka mayar a sabon. Ka yi a hankali, akwai sifirin da ɗan fistin a bayansa, kada su faɗo cikin ƙasa.

Fulin matse shi ake yi a kan sandar, ba noti ba makulli. Kada ka kusance shi da guduma, ko wajen cirewa ko wajen sawa, za ka kashe famfon ta ciki. Da abin matsewa za ka tura shi har fuskarsa ta zo daidai da bakin sandar, sannan ka dakata. Gyaran ƙarshe sai mun zo daidaita layi.

7. Altaneta da wayarsa

A tsarin da na dogon famfo altaneta yana gefen fasinja. Yanzu ya koma gefen direba, don haka wayoyin za su ƙara tsawo. Ka haɗa su da dalma ka rufe da robar da take tsukewa da zafi. Murɗa waya da naɗa salatif aikin kwana biyu ne.

Tsohon altaneta, 10SI ko 12SI, yana da filogi mai ƙafa biyu. Lamba 1 siririyar waya ce mai ruwan ƙasa, wadda take zuwa daga fitilar caji. Lamba 2 ja ce, da ita yake jin ƙarfin wutar batir. Sabon yana da ƙafa huɗu, an rubuta P, L, F ko I, da S. Mai ruwan ƙasa ta tafi L, ja ta tafi S, sauran biyun ka bar su.

Ga tarkon: ƙafar L ba ta son wuta kai tsaye. Dole wutar ta ratso ta ƙwan fitila ko resista, in ba haka ba ka ƙona abin da yake daidaita caji a cikinsa. In motarka tana da fitilar caji a dashbod, shi ke nan. In agogo ne kawai, ka auna. Batir a cire, makulli a kunne, ka sa mita tsakanin wayar nan da kan jar wayar batir. In ka ga ƙasa da ohm 35, ƙara resista a hanya. Tsakanin 35 zuwa 500 yana aiki. In babu resista a kusa, ƙaramin ƙwan dashbod da gidansa ya wadatar, kuma ka samu fitilar caji kyauta. Akwai kuma guntuwar waya da ake sayarwa a shirye, tsohon filogi a gefe guda, sabo a ɗaya, wata da resista wata babu.

Babbar wayar caji ma ka duba. 10SI mafi ƙarfi amfiya 63 yake bayarwa, CS130 kuwa yakan kai 105. Ƙara waya mai kauri, geji 8 ko 6, daga bayan altaneta zuwa batir, da fis a kusa da batir ɗin.

8. Kwamfuresa, ko abin da zai tsaya a madadinta

Sabon buraket an yi shi ne don gajeriyar kwamfuresa mai faɗi, R4. Doguwar nan ta da, A6, ba ta hawa. In kana son sanyi, sai an yi sababbin tiyo, wannan kuma aikin mai na'urar sanyi ne. In ba ka so, akwai fulin madadi da ake sayarwa yana zama a gurbinta. In kuɗi ya ƙare, ɗora matacciyar kwamfuresa muddin boris ɗin fulinta yana da lafiya, ka bar wayarta a cire. Fulin zai yi ta juyawa shi kaɗai. Na ga mota ta yi shekaru a haka.

9. Layi, awo, da saka bel

Fambel na da yana yafe karkata. Wannan ba ya yafewa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin karanshaf ka miƙa shi zuwa kowane fuli, ka kwatanta inda tsagin farko ya faɗa, ba bakin fulin ba, domin kaurin baki ya bambanta. Karanshaf shi ne liman, kowa shi zai bi. Wanda ya fi kaucewa shi ne na sitiyari, sai ka tura shi ciki ko ka jawo shi waje da abin cirewa. Kaucewar da ta kai rabin tsagi ta isa ta sa bel kuka, ko ta riƙa cin gefensa har ya zama zare.

In ka ɗora komai kamar yadda yake a motar asali, sayi bel ɗin waccan motar. In ka cire wani abu, kamar famfon iskar hayaƙi da wasunsu suke da shi, sai ka auna. Wani ya danne tenshina zuwa tsakiyar tafiyarta, kai kuma ka bi da igiya ta kan kowane fuli yadda bel zai bi, ka yi alama, ka auna. Lambar bel tana faɗa maka komai: 6PK2440 na nufin tsagi 6, tsawo milimita 2440, wato kusan inci 96. Nakan sayo uku, wanda na auna da na sama da shi da na ƙasa, in mayar da biyu.

Ƙa'idar sawa ɗaya ce: ciki mai tsagi a kan fuli mai tsagi, baya mai santsi a kan fuli mai santsi. Fara daga karanshaf, ka bar wani fuli mai santsi na sama ya zama na ƙarshe, domin ba shi da baki, bel yana zamewa kansa cikin sauƙi. Danne tenshina, tura bel, saki a hankali. Yatsunka kada su shiga tsakanin bel da fuli. Sannan ka bi da tocila ka leƙa kowane fuli, musamman na ƙasa, ka tabbata duk tsagi shidan sun zauna. A jikin tenshina akwai alama da 'yan layuka. In alamar ta faɗa tsakaninsu, tsawon ya yi. In ta kai ƙarshe, canza bel, kada ka ce zai miƙe.

10. Fanka, tiyo, da ruwa

Nan na yi nawa kuskuren, a motar farko. Komai sabo, sai fanka na ce ai fanka fanka ce, kusoshinta ma sun shiga. A gareji ba abin da ya nuna. Na fita cikin ranar watan Yuli, na tsaya a danja ta biyu, sai na ga allurar zafi tana hawa kamar mai hawa tsani. Na buɗe bonet na tsaya a gaban mota, iska mai zafi ta daki gwiwata. Fankar tana tura iska waje ne maimakon ta jawo ta ciki. Na ce bari in juya ta baibai. Banza: ka kifa fanka, karkatar fukafukanta ba ta canzawa, ƙarfinta kawai ka rage. Sai da na koma makabartar na ciro ta asali da kulocinta.

Haka famfon ruwa yake. Na da, in aka juya shi da baya, yana ɗan tura ruwa, daidai yadda zai ruɗe ka a silo, sai ka hau babban titi da kaya ya nuna maka halinsa.

In ba ka samu fankar asali ba, ka sa ta lantarki da rilenta, sabon altaneta zai ɗauke ta. In ta asalin ce, ka mayar da murfinta, ka tabbata fukafukan ba sa gogarsa, kuma kusan rabin faɗinsu yana ciki.

Tiyon sama yanzu zai iya cin karo da altaneta. Shi ya sa na ce ka ɗauko gidan tamostat da tiyon waccan motar. In bai dace da lagiretonka ba, lanƙwasa wayar ƙarfe ta bi hanyar da kake so, ka tafi da ita shago ka nemi mai kama da ita. Ko'ina ka bar tazarar yatsa biyu tsakanin tiyo da bel, domin inji yana girgiza in ya ɗauki kaya. Cika ruwa, rabi maganin sanyaya inji rabi ruwa mai tsabta.

11. Tayarwa

Kafin makulli, ɗaga ƙafafun gaba, cika man sitiyari, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 inji a kashe, kana ƙara mai, har kumfa ta daina fitowa. Kwashe duk sifanar da ka bari a kan inji. Mayar da batir.

Tayar, ka bar shi daƙiƙa goma, ka kashe, ka leƙa bel. In yana nan a mazauninsa, sake tayarwa ka tsaya a gefe, ba a saitin fanka ba. Tenshina za ta riƙa ɗan motsi, wannan daidai ne. In tana tsalle, akwai fulin da yake rawa. Saki takarda a gaban lagireto: in ta manne, fanka tana ja yadda ya kamata. Mita a kan batir ta nuna tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.7. Murfin lagireto a buɗe, hita a kunne, jira tamostat ya buɗe, za ka ga ruwa ya faɗa ƙasa, sai ka ƙara ka rufe.

In ka ji kuka, fesa ɗan ruwa a cikin bel ta wajen tsagi. Kukan ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, layi ne bai daidaita ba, koma wa fulin sitiyari. Ya ƙaru, bel ne yake zamewa, ko ya yi tsawo ko tenshina ta gaji. Kada ka shafa masa sabulu ko giris.

Bayan mako guda ka sake bin kusoshin buraket da inji a sanyi, ka shafa ƙasan famfon ruwa da yatsa ka ga ko akwai danshi, ka leƙa ramin nan na gefen famfon mai. Sannan ka ɗauki maka ka zana hanyar bel a cikin bonet, ka rubuta lambarsa da shekarar motar da kayan suka fito, domin mai shago shekarar taka zai tambaya ya miƙo maka fambel na da. Ka ajiye bel na biyu da sandar danne tenshina a bayan kujera. Yanzu in bel guda ɗin nan ya tsinke, caji da sitiyari da ruwa tare suke tsayawa, kuma minti kaɗan gare ka kafin allura ta kai ja.